Ciwon da muke ta yi wa maganin taifod

Sau huɗu aka yi wa goggona maganin taifod a cikin shekara guda. Duk sanda ta ce tsakiyar kanta na zafi kamar an ɗora garwashi, gabanta na faɗuwa, ƙafafunta sun yi nauyi, sai a sa ta a Keke daga unguwar Jahun a Bauchi zuwa wani ɗakin gwaji, a ɗebi jini, a dawo da takarda an rubuta taifod da maleriya. A sayi allurai, a rataya mata ledar ƙarin ruwa a jikin ƙusar kalanda, ta ji dama-dama kwana uku, sannan a koma gidan jiya. Matar da ita ce ke tashin gida da asuba, ita ke rabon tuwo a kowane biki na dangi, ta koma sai ka same ta da hantsi zaune bakin gado, ɗankwali a hannu, ta kasa ɗaura shi. Jikoki su shigo da gudu, ta dube su kamar 'ya'yan maƙwabta. Ƙarfe ukun dare idonta biyu. Ta rame har zobenta na zamewa.

Tambayar da kowa ke yi ita ce, me ta rasa? Ga miji, ga 'ya'ya sun kawo ƙarfi, ta sauke farali. Da aka rasa amsa sai aka ce sammu ne. Aka yi ruƙiyya, aka sha rubutu. Kusan shekara ana haka, kafin wani ma'aikacin jinya ɗan unguwarmu ya zo gaishe ta, ya yi mata tambayar da babu wanda ya taɓa yi: "Hajiya, akwai abin da har yanzu yake miki daɗi?" Ta daɗe shiru, sannan ta ce, "Ɗan nan, ko carbi na ɗauka ji nake kamar dutse." Shi ne ya ce a kai ta wurin likitocin ƙwaƙwalwa. Gidan ya yi tsit, don ji aka yi kamar ya zage mu.

Sunan da aka raɗa wa ciwon a Hausa shi kansa yana jawo a raina shi. An ce ciwon damuwa, alhali wa ke rasa damuwa a ƙasar nan? Mai bashi na da ita, mai 'ya'ya a makaranta na da ita. Amma abin da likita yake nufi yana da ma'auni. Sai ƙuncin zuciya, ko mutuwar sha'awar duk abin da mutum ya saba jin daɗinsa, ya zauna masa kusan kullum, yawancin yini, aƙalla mako biyu, tare da wasu alamomi: barci ya lalace, cin abinci ya canza, kasala, rashin tattara hankali, nauyin jiki ko rashin natsuwa, ganin kai ba a bakin komai ba, tunanin mutuwa. Cikin alamomi tara ana neman biyar, kuma sai sun kai ga hana mutum harkarsa. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 280 na ɗauke da shi, mata sun fi maza da kusan rabi, kuma a ƙasashe irin namu fiye da kashi 75 cikin 100 ba sa samun magani ko kaɗan.

A wurinmu jiki ne ke magana a madadin zuciya. Jiki magayi. Matar aure ba za ta zauna gaban baƙon namiji ta ce rayuwa ta fita daga ranta ba, don hakan na kama da butulce wa Allah da kuma tona asirin miji. Ko kalmar baƙin ciki ma tana da tarko, tunda a bakinmu takan ɗauki ma'anar hassada. Ka tambayi dattijuwa ko tana baƙin ciki, sai ta ce da wa? Don haka sai ta ce kai na zafi, wani abu na yawo a jiki, zuciya na bugawa. Kuma ba ƙarya take ba, tana jin su. Shi kuwa gwajin Widal da ake yi wa taifod, sananne ne yana nuna ciwon ko ga mai lafiya a yankin da cutar ta yi yawa. Mai gwaji ya samu abin rubutawa, mai kemis ya samu abin sayarwa, majinyaci ya samu sunan ciwo mara kunya. Kowa ya rabu lafiya, ciwon na nan.

To me masana suka sani game da maganinsa? Gaskiyar da ba a cika faɗa ba ita ce an yi tuntuɓe da magungunan ne kafin a san yadda suke aiki. A farkon shekarun 1950 aka lura masu tarin fuka da ake ba wani magani mai suna ifroniyazid a New York sun warware, suna fara'a fiye da yadda huhunsu ya warke. A 1957 wani likita a Suwizalan, Roland Kuhn, ya ba da rahoton cewa imifiramin, wanda aka gwada wa masu wani ciwon daban, yana ɗaga masu ciwon damuwa. Daga baya aka gano magungunan na taɓa wasu sinadaran da jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke aika saƙo da su, ciki har da serotonin. Sai aka yi lissafi a baibai: tunda maganin na ƙara serotonin, ashe ƙarancinsa ne ciwon. Da fuloksetin ya shigo kasuwar Amurka bayan amincewa da shi a ƙarshen 1987, wannan bayani ya zama abin da ake faɗa wa kowane majinyaci.

A 2022 Joanna Moncrieff da abokan aikinta a Landan suka tattara binciken shekaru da dama, suka ce babu tsayayyiyar hujja cewa ƙarancin serotonin ne ke kawo ciwon. Labarin ya zaga duniya, ya iso wayoyinmu a gurguje, har na ji wani mai ilimi a majalisa yana cewa ai Turawa da kansu sun ce maganin bogi ne. Ba haka aka ce ba. Faracitamol na sauke ciwon kai, amma babu mai cewa rashin faracitamol a jini ne ke kawo ciwon kai. Tambayar me ke jawo ciwo daban, tambayar ko magani na aiki daban. Ta biyun an amsa ta a 2018, lokacin da Andrea Cipriani na Jami'ar Oxford da tawagarsa suka haɗa gwaje-gwaje 522 da suka ƙunshi mutum sama da 116,000, kan magunguna 21, suka buga a mujallar Lancet. Dukkansu sun fi ƙwayar da babu magani a cikinta. Tazarar dai matsakaiciya ce, ba ta kai yadda masu talla suka zuzuta ba, kuma ta fi fitowa fili ga wanda ciwonsa ya yi tsanani. Abin da ya faranta mini rai a sakamakon shi ne amitiriftilin, tsohon magani mai araha da ake samu a kemis ɗin Wunti da na Azare, yana sahun gaba wajen ƙarfi.

Shi kuwa asalin ciwon, inda masana suka karkata yanzu shi ne ba ƙofa ɗaya yake shigowa ba. Akwai gado, wanda binciken tagwaye ya nuna yana ɗaukar kusan kashi ɗaya cikin uku. Akwai wahalar ƙuruciya, da rashi, da talauci, da haihuwa, da doguwar jinya. Akwai yadda matsin da ya daɗe yake rikita sinadaran fargaba a jiki har mahaɗun jijiyoyin ƙwaƙwalwa su raunana. Wani lokacin kuma babu dalilin da ido zai gani. Wannan ba sabon zance ba ne. Abu Zaid al-Balkhi, malamin da ya rasu a 934, ya raba baƙin ciki gida biyu: mai sanannen dalili kamar rashin masoyi ko dukiya, da wanda ke faɗo wa mutum haka kawai, ya kuma ce na biyun daga jiki yake, yana buƙatar maganin jiki. Sama da shekara dubu ke nan da amsa tambayar nan tamu ta me ta rasa.

Inda na fi son mai karatu ya tsaya shi ne yadda ake shan maganin, don a nan muke asarar mutane. Mun saba da maganin maleriya: kwana uku, zazzaɓi ya sauka, a jefar da kwali. Wannan ba haka yake ba. Illarsa ce ke fara sallama kafin amfaninsa. Amitiriftilin na busar da baki, ya sa barci da jiri da taurin ciki tun daren farko. Fuloksetin kan kawo tashin zuciya da rashin natsuwa a makon farko. Sauƙin kuwa sai mako biyu zuwa huɗu, wani har shida. Wanda ba a yi wa wannan bayani ba, ranar ta biyar zai ce maganin bai karɓe shi ba. Wanda ya daure ya ji sauƙi kuma, sai ya daina a wata na biyu, ko don kuɗi, ko don wani ya ce masa zai zame masa jiki. Ƙa'ida ita ce a ci gaba aƙalla wata shida bayan an warware, sannan a rage a hankali, don yankewa farat ɗaya na kawo jiri da rashin barci da wani irin fizga a ka. Wani gwaji da aka yi a Ingila aka buga a 2021, kan mutanen da suka daɗe suna sha har suka ji sun isa dainawa, ya nuna cikin shekara guda ciwon ya dawo wa kashi 56 na waɗanda suka daina, da kashi 39 na waɗanda suka ci gaba. Alƙaluman na da fuska biyu: ci gaba na karewa, amma kusan rabin masu dainawa ma sun zauna lafiya. Shi ya sa shawarar ta likita da majinyaci ce, su biyu.

Kuma ba kowa maganin farko ke yi wa aiki ba. A babban binciken nan na Amurka mai suna STAR*D, da ya bi mutum kusan 4,000 aka fitar da sakamakonsa a 2006, kusan kashi ɗaya cikin uku ne suka warke sarai da maganin farko. Masu binciken sun ce idan aka yi ta canzawa har mataki huɗu adadin na kai kashi 67, amma wasu da suka sake duba bayanan a 2023 sun ce bai wuce kashi 35 ba. Har yanzu ana wannan muhawara.

Akwai abubuwan da mai kemis ba zai iya ba, komai kirkinsa. Ba zai bincika ko ƙarancin jini ne ko ciwon maƙoƙo ke kwaikwayon damuwa ba, ko kuma metildofa da ake ba masu ciki don hawan jini ne ke danne zuciyar. Ba zai tambaya ko mutumin ya taɓa yin kwanaki ba barci, yana surutu da kashe kuɗi ba lissafi ba, alhali mai irin wannan idan aka ba shi maganin damuwa shi kaɗai yana iya birkicewa. Ba zai san amitiriftilin na da haɗari ga mai ciwon zuciya ba, ko cewa wanda ke tunanin mutuwa ba a damƙa masa shi da yawa, wani a gida ne ke riƙewa. Abin da ya fi yi shi ne ya ba da diyazefam don a samu barci. Barci ya zo, ciwon bai motsa ba, an ƙara sabo da ƙwaya. An gudu gara an faɗa gidan zago.

Sabon abin da ya fi girgiza fagen nan a shekarun baya yana nan a ɗakin tiyatar kusan kowane babban asibiti a jihar Bauchi: ketamin, allurar da ake sa majinyaci barci da ita. A 2000 masu bincike a Jami'ar Yale suka nuna ɗan kaɗan daga cikinta, ƙasa da na tiyata, yana ɗaga ciwon damuwa cikin sa'o'i, ta wata hanya daban da ta serotonin, wato ta sinadarin gulutamet. Ga mutanen da suka saba jiran makonni, wannan babban lamari ne. A watan Maris na 2019 Amurka ta amince da ɗan uwansa esketamin, na fesawa a hanci, mai suna Spravato, da sharaɗin a asibiti za a fesa kuma a tsare mutum awa biyu ana duba shi. A 2023 wani gwaji kan mutum kusan 400 da magunguna suka gaza a kansu ya samu kashi 55 sun ji sauƙi da ketamin, kashi 41 da jinyar lantarki, wadda ake ratsa ƙwaƙwalwa da ɗan lantarki. Sai dai sauƙin kan gushe cikin mako ɗaya ko biyu idan ba a maimaita ba, yana ɗaga hawan jini, yana sa mutum ya ji kamar ya fita daga jikinsa, kuma masu shan sa don maye yana lalata musu mafitsara. A ƙasar da sai da gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, a garin da kowa ya san abin da taramol ya yi wa samari, ina tsoron ranar da labarin ketamin zai isa kasuwa kafin ya isa asibiti. Duk da haka ina ganin asibitocin koyarwarmu ne ya kamata su gwada shi a tsanake, don yana da araha kuma muna da masu sa barci da suka san halinsa.

Jinyar lantarki, wadda aka fara a birnin Rum a 1938, sunanta ya fi ta ban tsoro. A yau ana yin ta ne mutum na barci an sassauta masa jiki, kuma ga wanda ya daina ci da sha da magana, har yanzu tana cikin mafi ƙarfin abin da ake da shi, ko da yake tana taɓa tunin abubuwan kusa. Akwai na'urar maganaɗisu da ake ɗorawa a ka, da Amurka ta amince da ita a 2008. Akwai zuranolon, ƙwayar kwana 14 ta masu jego, da aka amince da ita a Agustan 2023, aka sa mata farashin dala 15,900. Mai jego a Ningi ko Darazo ba ta da rabo a wannan nan kusa.

Binciken da ya shafe ta wani ne daban. Najeriya na da mutum sama da miliyan 200, likitocin ƙwaƙwalwarta ba su kai 300 ba, yawancinsu a manyan birane. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Arewa maso Gabas yana Maiduguri, sama da kilomita 400 daga Bauchi. A nan gida akwai sashen a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, amma ƙananan hukumomi 20 ne ke kallonsa. Ko za a shekara hamsin ana yaye likitoci, lissafin ba zai cika ba. Sai wasu masana suka juya tambayar: shin dole sai likita?

A Zimbabuwe, Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata ma'aikatan lafiyar unguwa, aka kafa musu benci a harabar ɗakin shan magani. Mai damuwa ya zauna da kaka sau shida, ta saurare shi, su jero matsalolinsa, su zaɓi ɗaya da za a iya taɓawa, su tsara matakin wannan makon. Sakamakon da aka buga a 2016 ya nuna bayan wata shida kashi 14 ne kawai na 'yan benci ke da alamun ciwon, a rukunin da ba su zauna a benci ba kuwa kashi 50. A ƙauyukan Pakistan, ƙasar Musulmi masu kunya da kulle irin namu, Atif Rahman ya koyar da mata ma'aikatan lafiya da ke shiga gida-gida yadda za su taimaki masu ciki su gane tunanin da ke karya musu gwiwa su sauya shi. A rahoton 2008, wata shida bayan haihuwa kashi 23 ne ke da ciwon, a ɓangaren da ba a yi musu haka ba kashi 53. A Ibadan ma Farfesa Oye Gureje ya yi irin wannan da ma'aikatan ƙananan asibitoci, ya buga a 2019: kusan uku cikin huɗu na majinyata sun warware a shekara guda, ko da tsari mai matakai aka bi, ko da jagorar nan mai sauƙi ta Hukumar Lafiya ta Duniya mai suna mhGAP. Dole a faɗa cewa wasunsu da ma za su warware da kansu, don ciwon kan lafa. Amma hujjar ta isa a ce ma'aikaciyar lafiya ta ƙauye, idan aka horar da ita aka kuma riƙa duba aikinta, tana iya ganewa da jinyar yawancin masu ciwon, ta tura masu tsanani gaba. Da ma ɗan ƙasar nan ne ya fara nuna hanya: a 1954 Thomas Adeoye Lambo ya zaunar da majinyata tare da danginsu a gidajen mutanen ƙauyen Aro kusa da Abeokuta, maimakon kulle su.

Wannan magana da ake yi a kan benci ba nasiha ba ce. Nasiha muna da ita har ta yi yawa: yi haƙuri, yi tawakkali, dubi na ƙasa da kai. Mai ciwon damuwa ya riga ya yanke wa kansa hukuncin cewa shi butulu ne mai raunin imani, ƙarin wa'azi sai ya tabbatar masa. Abin da aka gwada ya yi aiki shi ne a mayar da mutum cikin ƙananan ayyukan da ya bari, ɗaya bayan ɗaya, tun kafin ya ji sha'awarsu: yau ki fito tsakar gida ki tsince shinkafa, jibi ki leƙa barka maƙwabta. Sha'awar na biyo baya.

Ban ga dalilin faɗa da malamai da fastoci ba, tunda wurinsu ake fara zuwa, a Bauchi ko a Tafawa Ɓalewa, kuma za a ci gaba da zuwa. Gureje ya gwada haɗa masu maganin gargajiya da na addini da ma'aikatan asibiti a Ibadan da Kumasi, a kan masu taɓin hankali mai tsanani, kuma rahoton 2020 ya nuna majinyatan sun fi samun sauƙi. Malamin da ya san Annabi Yaƙub ya yi kuka har idanunsa suka yi fari, ya san akwai shekarar da aka kira ta Shekarar Baƙin Ciki a rayuwar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba zai yi wuyar fahimtar cewa ƙuncin zuciya ba kafirci ba ne. Ya yi addu'arsa, ya ce a kuma je asibiti. Inda ba a sassauci shi ne mari da bulala, irin abin da aka bankaɗo a Rigasa ta Kaduna da Daura a 2019.

A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, ta kuma tanadi haƙƙin majinyaci da shigar da wannan kulawa cikin ƙananan asibitoci. Amma sashe na 231 na kundin hukunta laifuka na Arewa ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara guda ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. Iyalin da suka san haka ɓoyewa za su yi, su ce kuskure ne, a sallame shi ba tare da kowa ya tambaye shi abin da ke ransa ba. Kuma tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin. An bincika wannan, sauƙi ma take kawowa. Duk wanda ya ji ɗan uwansa na cewa gara ya huta, ko ya zame wa mutane kaya, kada ya bar shi shi kaɗai, ya kai shi asibiti a ranar.

Goggo fuloksetin aka ba ta, ƙwaya ɗaya da safe. Rana ta shida ta ce a bar shi, yana tayar mata da zuciya. Babbar 'yarta ta durƙusa ta ce, "Inna, likita ya ce za ki ji haka, ki ba shi wata ɗaya saboda Allah." Ita ta riƙe kwalin, ita ke fito da ita tsakar gida da hantsi ta ajiye mata tiren wake. A mako na shida muna zaune sai muka ji muryarta daga madafa tana faɗa, wai wa ya zuba wa miyar kuka kanwa haka kamar ba da kuɗi ake saye ba. 'Yarta ta fita zaure ta yi kuka. Ta sha maganin wata goma, aka rage mata shi cikin mako shida. Ta yarda in rubuta wannan da sharaɗin kada in kama sunanta, don har yau a dangi idan aka tuna waccan shekarar, cewa ake hawan jini ne ya kwantar da Hajiya.